Babi na Bakwai: Ranar da Totur Ya Ƙi Dawowa

Mu ƙaddara kaka ce. An yi girbi, gonaki sun yi fari, buhunan masara da dawa da waken suya na jingine a bakin titi suna jiran mota. Ka taso daga Matazu da hantsi, ka wuce Musawa, ka miƙa kudu za ka Malumfashi. Mota cike take da fasinja, but ma ya ƙi rufuwa sai da aka ɗaure shi da igiya. A gabanka ga wata kanta da ta sha lodi tana tafiyar hawainiya. Ka leƙa ka ga hanya fayau, ka ba da sigina, ka nutsa ƙafa a kan totur har ƙasa, ka wuce ta. Da ka koma hannunka sai ka ɗaga ƙafa kamar yadda ka saba kullum. Ƙafa ta ɗago, totur bai biyo ta ba. Inji na ta ruri, allurar maleji ta haura 110 tana neman 120, can gaba kuma ka hango wani yaro a kan amalanke yana shirin tsallaka titi da shanunsa biyu.

Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cinye mita 33 a kowace daƙiƙa. Kafin ka ƙirga uku ta shafe kusan tsawon filin ƙwallo. A irin wannan hali babu damar dogon tunani, balle neman shawara. Abin da hannu da ƙafa suka riga suka sani, shi kaɗai zai yi aiki.

Duk sanda na kawo wannan magana a majalisar direbobi, amsar da nake fara ji ita ce: "Ai Malam, in ta kai ga haka sai dai salati." Salati ba ya barin bakin mumini a kowane hali, amma baki ne ke yin sa, hannu da ƙafa suna nan da nasu aikin. Motar da totur ɗinta ya maƙale tana tsayuwa. Waɗanda suka ƙera ta sun bar wa direba makamai uku: birkin da ya fi injin ƙarfi, giyar da ke raba inji da taya, da makullin da ke kashe wuta. Abin da ke jawo asarar rai shi ne rashin sanin wanne za a fara ɗauka, da wanne za a bari sai ƙarshe.

Abin da ya faru a Kalifoniya

Ranar 28 ga Agusta, 2009, wani jami'in 'yan sandan kan hanya na jihar Kalifoniya ta Amurka ya ɗauki matarsa da 'yarsa da ɗan'uwan matarsa a cikin wata mota Lexus ES 350. Ba tasa ba ce, dillalin motoci ne ya ba shi aro saboda tasa tana wurin gyara. Mutum ne da ya shafe kusan shekara 20 yana aikin titi, wato tuƙi sana'arsa ce. A kan babbar hanya kusa da birnin San Diyego motar ta ƙwace, gudu ya haura kilomita 160 a awa. Ɗan'uwan matar ya kira lambar agaji daga kujerar baya ya ce totur ya maƙale kuma birki ba ya ci. Ba a gama wayar ba suka isa wata mararraba. Duka huɗun suka rasu.

Da masu bincike suka duba ragowar motar, sai suka tarar da shimfiɗar roba ta ƙasan direba ta danne totur. Shimfiɗar ma ba ta wannan mota ba ce, ta wata babbar jif ce aka saka mata, ta yi mata tsawo. Sun kuma tarar birki ya ci wuta ƙwarai, alamar an daɗe ana taka shi mota ba ta tsaya ba. Motar ba ta da makullin murɗawa, maɓalli ake dannawa, kuma in tana tafiya sai an danne shi an riƙe daƙiƙa uku kafin inji ya mutu. Wanda aka ba aron mota ranar nan, ina zai san wannan?

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. 'Yan kwanaki kafin hatsarin, wani mutum ya karɓi aron wannan motar, shi ma shimfiɗar ta danne masa totur. Ya samu ya tsayar da ita, ya janye shimfiɗar, da ya mayar da mota ya faɗa a wurin dillalin. Maganar ba ta kai ga wanda zai gyara ba, aka sake miƙa makulli ga na gaba.

Wannan hatsari ya girgiza kamfanin Toyota, mai Lexus. A ƙarshen 2009 ya kira motoci kusan miliyan huɗu a Amurka saboda matsalar shimfiɗa. A watan Janairu na 2010 ya sake kiran wasu miliyan 2.3 saboda shi kansa abin takawar yana cijewa ya ƙi dawowa da wuri. Shugaban kamfanin, Akio Toyoda, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka ranar 24 ga Fabrairu, 2010. Mutane da yawa sun zargi kwamfutar motar, har gwamnati ta gayyato injiniyoyin hukumar sararin samaniya ta NASA. Rahoton da aka fitar a Fabrairun 2011 bai samu laifi a na'urorin lantarki da zai haddasa irin wannan gudu ba. Ya tsaya a kan shimfiɗa, da totur mai cijewa, da direbobin da suka taka totur a zaton birki ne. A Maris na 2014 kamfanin ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye gaskiyar matsalar.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Matazu da Kalifoniya? Ruwansa shi ne, cikin motocin da aka kira akwai Camry ta 2007 zuwa 2010, wadda ake ce wa Muscle a nan, da Corolla ta 2009 da 2010, da Highlander da RAV4. Irinsu ne suka biyo jirgin ruwa suka sauka a Legas da Kwatano, yau suna yawo tsakanin Kano da Katsina da Funtua. Mai saye yana duba fenti da inji da iyakwandishan, da wuya ka ga wanda ya sunkuya ya duba ƙasan totur.

Me ke riƙe totur a hanyoyinmu?

Totur iri biyu ne. A yawancin tsofaffin motocin da ke jigila a tashoshinmu, waya ce ta ƙarfe ta taso daga abin takawa, ta bi cikin kube, ta isa kafireta ko maƙogwaron inji. In ka taka, wayar ta ja wani ɗan faifai ya buɗe, iska da mai su shiga. In ka ɗaga ƙafa, sifirin ya mayar da faifan ya rufe. A sababbin motoci babu wayar. Abin takawar yana aika saƙo ga kwamfuta, ita kuma ta sa wani ƙaramin inji na lantarki ya buɗe faifan.

Mai waya yana da abokan gaba uku a ƙasarmu. Na farko tsufa: silin wayar kan tsinke ɗaya bayan ɗaya, su yi buzu-buzu, wata rana su cije a cikin kube. Na biyu ƙura. Wanda ya bi hanyoyin burji na ƙauyukan Matazu da Musawa da hunturu ya san yadda jar ƙura ke shiga ko'ina. In ta haɗu da maiƙo sai ta zama kamar danƙo a kan faifai da mahaɗansa. Na uku gyaran wucin gadi. Sifirin ya tsinke a hanya, aka yanko robar tsohon tif aka ɗaura don a kai gida. An kai gidan, an manta, robar ta sha zafin inji wata uku, ran da za ta saki ba ta sallama.

Sauran musabbaban duk a ƙasan ƙafar direba suke, kuma sun shafi tsohuwa da sabuwa. Akwai mai shimfiɗa kafet a kan kafet don kada na asali ya yi datti. Akwai yaran wankin mota da kan fitar da shimfiɗa su wanke su mayar ba tare da sun maƙala ta a ƙugiyarta ba, tun ana tafiya tana zamewa gaba har ta hau kan totur. Akwai gorar ruwa da kwalbar lemo da ke gangarowa daga ƙarƙashin kujera, sukan shige ƙarƙashin birki su hana shi nutsewa. Akwai silifas da ke suɓucewa, da gefen babbar riga da ke naɗe ƙafa.

Sannan akwai gudun kansa. Totur ya fi maƙalewa a lokacin da aka taka shi har ƙasa, domin a nan ne bakinsa ke kaiwa ga shimfiɗa, a nan ne kuma waya ke miƙewa iyakarta. Direbobin wannan yanki suna da dalilan sauri da kowa ya sani: a riski kasuwar Dandume kafin ciniki ya watse, a yi sawu biyu maimakon ɗaya, a shiga gari kafin magariba saboda halin tsaron da ake ciki. Duk da haka sauri kan haifi nawa. Dokar hanya ta Najeriya ta tsayar da kilomita 80 a awa ga ƙananan motoci a manyan hanyoyi irin namu, da 50 a cikin gari. Wanda totur ya maƙale masa a kan 80 yana da sarari da wanda ke kan 130 ba shi da shi.

Taka, raba, kauce, kashe

Kalmomi huɗu ne. A haddace su a jere, domin jerin shi ne maganin.

*Taka.* Ka ɗauke ƙafar dama gaba ɗaya daga totur, ka ɗora ta a kan birki, ka taka da duk ƙarfinka, ka riƙe. In motar otomatik ce, ka haɗa ƙafa biyu. Kada ka saki.

A nan ne al'adarmu ke cutar da mu. Direban da ya saba da birki mai rauni ya saba da buga shi sau biyu sau uku kafin ya kama. A motar fetur, sauƙin da kake ji in ka taka birki yana zuwa ne daga wani baƙin tulu da ke cikin bonet daidai saitin direba, wanda ke aiki da zuƙar iskar da inji ke yi. In totur ya buɗe gaba ɗaya, wannan zuƙa takan ragu ƙwarai, sai ɗan abin da ya rage a tulun. Bugu biyu ko uku sun isa su ƙarar da shi, daga nan birki ya koma kamar dutse. Haka kuma taka shi rabi-rabi ana tafiya yana gasa shi ne kawai, har ya kai inda ba ya ci.

In aka taka shi sau ɗaya da gaske, birki mai lafiya yana rinjayar inji. Bayan hatsarin Kalifoniya, mujallar motoci ta Car and Driver ta gwada wata Camry mai silinda shida a gudun kusan kilomita 113 a awa. Ba tare da an taɓa totur ba, ta tsaya cikin kimanin mita 53. Da aka danne totur har ƙasa aka taka birki tare, ta tsaya cikin kimanin mita 58. Bambancin bai fi tsawon mota guda ba.

*Raba.* Wannan shi ne zuciyar al'amarin, kuma tare da na farko ake yin sa. In motar mai kuloci ce, ƙafar hagu ta nutsa kuloci har ƙasa, hannu ya mayar da giya firi. In otomatik ce, ka tura sandar giya daga D zuwa N. A yawancin motoci taki ɗaya ne zuwa gaba, kuma ba sai ka matsa maɓallin da ke jikin sandar ba. Rashin matsa shi ma shi ke hana ta zarcewa zuwa ribas. Daga wannan lokaci ƙarfin inji ya daina isa ga taya, mota ta zama kamar amalanken da aka kwance wa shanu.

Inji zai yi wata irin kururuwa mai tayar da hankali, kuma wannan ƙara ce ke sa wasu su tsorata su mayar da giya. Kada ka mayar. Motoci masu injekta suna da abin da ke yanke mai in juyin inji ya kai iyaka. Tsohuwa mai kafireta tana iya lalacewa in aka bar ta tana ihu, amma inji ana sayen wani a Kano, mutanen da ke bayanka kuwa ba a sayar da irinsu.

*Kauce.* Ido na kan titi, hannu na kan sitiyari. Ka danna oda, ka kunna fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa, ka nemi gefen dama. Ka bari gudu ya ragu sosai kafin ka sauka daga kwalta, domin bakin titinmu a wurare da yawa ya zaizaye, tayar da ta faɗa wannan gaɓa da gudu tana iya kifar da mota.

*Kashe.* Sai mota ta tsaya cik sannan ka kashe inji, ka ja birkin hannu. Dalilin da ya sa aka bar shi ƙarshe shi ne, da zarar inji ya mutu sitiyari zai yi nauyi, taimakon birki ma ya tafi.

In giya ta ƙi fita fa? A nan ne kawai ake kashe inji ana tafiya. Ka murɗa makulli baya taki ɗaya tak, zuwa inda aka rubuta ACC. Kada ka kai shi ƙarshe, kada ka zare shi, domin a motoci da yawa hakan na kulle sitiyari, motar da sitiyarinta ya kulle kuwa ta fita daga hannun kowa. In mai maɓalli ce, ka danne ka riƙe har inji ya yi shiru. Sannan ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ci gaba da danne birki.

Abubuwa uku ne ba a yi ko da wasa. Ba a sunkuyawa a ciro totur da hannu, domin daƙiƙa biyu da kai a ƙasa sun isa mota ta tsallaka hannun masu tahowa. Ba a fizgar birkin hannu ana gudu, domin tayoyin baya kaɗai yake kamawa, in suka ƙame mota za ta juya. Amfaninsa sai gudu ya ragu, a ja shi a hankali da yatsa a kan maɓallinsa. Ba a kuma buɗe ƙofa a yi tsalle.

In Allah ya ƙaddara birkin ma ya ƙi, bayan ka raba inji da taya sai ka zaɓi abin da zai cinye gudun da sauƙi: hawa, ko yashi, ko fili mai sabara da kalgo. Ka nisanci kuka da ɗorawa da darbejiya da bakin kwalbati, ka fi nisantar motar da ke tahowa.

Bayan an tsaya, a sauke fasinja su matsa nesa da titi. In shimfiɗa ce, a cire ta gaba ɗaya a jefa but. In ba a ga dalili ƙarara ba, motar ba ta ƙara ko taku ɗaya sai bakanike ya zo. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kira kyauta, 122.

Wani lokaci ƙafa ce ke kuskure

Wannan magana tana da nauyi a kunnen gwani, amma dole a faɗe ta. A shekarun 1980 an yi ta kai ƙarar motar Audi 5000 a Amurka cewa tana zabura da kanta. Binciken da hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar ta fitar a 1989 ya nuna cewa galibi direbobin totur suke takawa alhali sun yi imani birki ne. Mota na ƙara gudu, su kuma suna ƙara dannawa. Daga wannan darasi ne aka yawaita ƙera motocin otomatik ta yadda giya ba ta fita daga P sai an taka birki.

Wannan kuskure ya fi samun wanda ya hau motar da bai saba da ita ba, da wanda ya baro mai kuloci ya koma otomatik, da mai gyangyaɗi da ya farka a firgice, da wanda ya karkace a kujera yana kallon baya. Gwajinsa ɗaya ne: in kana taka abin da kake zaton birki ne amma inji na ƙara ruri, ɗaga ƙafar sama gaba ɗaya, ka sake ɗora ta a hagu. Mataki na biyu, wato raba inji da taya, kuma yana nan daram. In giya na firi, ko me ƙafarka ta taka, mota ba za ta ƙara gudu ba.

Injin gas da babur

Manoma da masu manyan motoci suna da wani nau'in wannan matsala. Injin gas ba ya buƙatar filogi, matsin iska ne ke kunna mai. In baƙin mai ya sami hanyar shiga inda iska ke shiga, misali ta turbo da ya lalace ko saboda an cika shi ya wuce ƙima, inji zai iya fara shan baƙin man nasa a matsayin abinci. Sai ka ji ya haukace, hayaƙi ya turnuƙe, ka kashe makulli amma bai mutu ba. Yana faruwa a tarakta da kanta da tifa da manyan janareto.

In motar mai kuloci ce, a tsayar da ita, a danne birki sosai, a sa babbar giya ta ƙarshe, a saki kuloci don inji ya shaƙe ya mutu. Ɗaya hanyar ita ce a toshe masa iska da katako ko wani faffaɗan abu mai ƙarfi. Ba a sa tafin hannu, ba a sa tsumma, domin zuƙar tana iya haɗiye su. In abin ya gagara, kowa ya matsa nesa.

Mai babur kuwa, wanda ke ɗauko buhu biyu daga gona, tasa wayar totur ta fi kowace shan ƙura da ruwan sama. In hannun totur ya ƙi komawa, ya matse kuloci nan take, ya kama birkin gaba da na baya tare a hankali, ya tsaya, ya kashe. Alamar tana zuwa tun da wuri: in ka murɗa ka saki bai koma da kansa ya yi ƙas ba, ko in karya kan babur na sa inji ya ƙara ƙara, wayar ta nemi canji.

Kai da ke kujerar gaba

A tashoshinmu an saba sa mutum biyu a gaba, wani lokaci har a raba kujerar direba da wani. Wanda aka matse a tsakiya cinyarsa na kan sandar giya, kugunsa na kan birkin hannu. Wato an ɗora fasinja a kan makamin da zai ceci mota. Kuɗin kujera ɗaya da ake ƙarawa bai kai wannan kasada ba, kuma shugabannin ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho su ne ke da ikon hanawa tun a wurin lodi.

Fasinjan gaba yana iya zama rahama. In ka ga direba ya rikice, inji na ihu, kada ka kama sitiyari, kada ka taɓa makulli ko birkin hannu. Ka ɗaga murya sau ɗaya, a sarari: "Direba, sa ta firi! Danne birki!" In otomatik ce kuma ya kasa, kai ma kana iya tura sandar zuwa N. Na baya su yi addu'arsu, su bar ƙofofi a rufe. Bel kuma tun a tasha ake ɗaura shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk abin da aka faɗa a sama ba zai amfani wanda ya karanta kawai ba. Tsoro yana goge karatu, abin da jiki ya saba ne ke saura. Ka sami fili ko hanya marar mutane, kana tafiya a hankali kamar kilomita 30, ka gwada tura giya firi tare da danne birki. Ka maimaita har hannunka ya san wurin ba tare da ido ya duba ba. Mota na tsaye, ka koyi inda makullinka ke tsayawa a taki ɗaya. Maigida da ke koya wa yaronsa tuƙi ya haɗa da wannan, kamar yadda yake koya masa ribas.

Kowace safiya, kafin ka tayar da inji, minti ɗaya ya isa. Ka taka totur har ƙasa ka saki, ka ji ya dawo da kansa da sauri. Ka ja shimfiɗa baya ka tabbatar tana maƙale, kuma guda ɗaya ce. Ka share duk abin da zai iya gangarowa. Ka duba man birki, kuma ka tabbatar na gaske ne: sabon man birki mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, ruwan sabulun da wasu ke zubawa a madadinsa kuwa yana tafasa a wajen digiri 100, ya zama tururi, birki ya nutse ƙasa babu komai. Wasu sababbin motoci, har da na Toyota daga ƙirar 2011, suna da tsarin da ke rage wutar inji in an taka birki da totur tare, amma yawancin motocin da ke ɗaukar mutanenmu sun girme shi.

In kuma ka ji totur ya cije ko sau ɗaya ne, ka faɗa, kuma ka tsaya a kan maganar har a gyara. Motocin haya da yawa direba biyu ke karɓa-karɓa, wasu kuma mai mota na gida yana jiran balas. Ka ce masa: "Alhaji, yau motar nan ba za ta fita ba sai an canza wayar totur." Zai yiwu ransa ya ɓaci na yini ɗaya. Mutum huɗun nan na Kalifoniya sun tafi ne a motar da wani ya riga ya ga aibinta, ya kuma faɗa, amma maganar ta tsaya a hanya.

Mu koma kan hanyar Malumfashi, inda muka bar ka da allura a kan 120. Ƙafar dama ta sauka a kan birki ta zauna, ta hagu ta nutsa kuloci, hannu ya zare giya. Inji na kururuwa, mata a baya na salati, mota na rage gudu: 90, 60, 30. Ka gangara gefe, ka tsaya, ka kashe. Shiru ya sauka, sai ƙaurin birki da bugun zuciyarka. Yaron nan ya kaɗa shanunsa ya tsallaka titi, ya ɗago maka hannu, ya nufi gonarsu bai san komai ba. Ka ce alhamdu lillahi, ka buɗe ƙofa, ka sunkuya ka ga abin da ya riƙe totur.